Dankali a Dajin Gishiri

Tun kafin a ɗaura mana aure matata ta gano cewa maganata sai an yi mata ƙari. Idan na ce abinci ba laifi, to ya yi daɗi ke nan. Idan na ce wataƙila zan zo, to ina bakin ƙofa. Ita ce ta raɗa mini suna Malam Wataƙila, kuma ban taɓa musawa ba, don ina jin akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Ni dai a ganina bai kamata mutum ya rantse a kan abin da bai gama tabbatarwa ba, kuma abubuwan da ake gama tabbatarwa a duniyar nan ba su da yawa.

An ɗaura auren ne ana gab da annobar korona. Na dawo Doha, inda nake karatun digiri na uku, da niyyar in kama ɗaki in haɗa takardu ta biyo ni. Sai aka rufe sama da ƙasa. Da aka buɗe kuma takardu suka ce ba su shirya ba. Haka muka yi fiye da shekara biyu muna zaman aure ta waya, in ban da hutu guda da na leƙa gida. Ita tana koyarwa a wata sakandare a garinsu, can kudancin Kano a gefen daji, ni kuma ina unguwar Matar Ƙadim ina wanke ledar burodi da sabulu kafin in buɗe.

A shekarar farko ta annobar, da zafi ya karye aka kuma sassauta dokar fita, wani babban yayanmu injiniya da ke zaune a unguwar Ain Khalid ya tausaya mini ya ɗauke ni a motarsa muka yi arewa. A nan ƙasar abin a juye yake. A gida sanyi ne ke kora mutane ɗaki, a nan kuwa zafi ne ke kulle su wata da watanni, sanyi ya zo ya buɗe musu ƙofa. Da zarar iska ta fara saukowa daga arewa za ka ga motoci sun ɗauko tanti da darduma da butar shayi sun nufi fili. Mu ma muka bi sahu, har muka isa wani wuri a bakin teku inda bishiyoyi suka yi cincirindo, koraye shar, a cikin taɓo. Na daɗe ban ga kore mai yawan haka ba wanda ba tiyo aka ja masa ba. Na cire takunkumina na shaƙi iska, sannan na mayar da sauri, ko da yake ba kowa a kusa sai Injiniya da wani tsuntsu.

Da na kira ta na ba ta labari yadda na saba.

“Akwai wani ɗan daji a arewa. Ba babba ba ne sosai. Bishiyoyin ma ba za a ce dogaye ne ba.”

“Daji? A Ƙatar?”

“To, wani abu ne mai kama da shi.”

Na ji tana murna, ni ma na yi murna. Ban yi tunanin tana can tana yin ƙarin da ta saba ba.

Ta iso a ƙarshen zafin shekarar gasar cin kofin duniya. Gidanmu ciki da falo ne a bene, tagarsa tana kallon bangon maƙwabta da injunan sanyaya ɗakinsu suna ɗigar ruwa. Ta zo da akwati biyu, ta buɗe ɗaya. Ɗayan ta jingina shi a bayan ƙofa. Ban tambayi abin da ke ciki ba, hancina ya gaya mini: daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa. Daga yadda gefensa ya turo kuma na gane akwai muciya. Amma duk ranar da za ta yi tuwo, da ludayin ƙarfe take fama, tana tsaki.

“Amarya, ba za ki buɗe wancan ba?”

“Yana nan. Ba gudu zai yi ba.”

Abin da ya hana ni sukuni shi ne wannan. Bikin ƙanwarta yana ƙarshen Disamba, kuma tikitinta na zuwa yana hannu. Makarantarta ta yarda ta riƙe mata gurbinta har zuwa sabon zango, daga nan ko ta koma aji ko a ba wani. Wato in ta tafi biki da akwatin nan a rufe, to ta tafi ke nan, mu koma auren waya har sai na gama karatu, wanda ni kaina ba zan iya rantsuwa a kan ranarsa ba.

“Za ki dawo bayan bikin?” na tambaye ta sau ɗaya.

“Wataƙila,” in ji ta, da irin muryata sak.

“To, duk yadda kika ga ya fi.”

Abin mamaki, mu da muke kwashe awoyi a waya har batir ya mutu, da aka haɗa mu a ɗaki ɗaya sai muka koma kamar baƙi a gidan suna. Sannu da aiki, yauwa sannu. A ƙara maka? A'a, na gode. Na kai ta tsohuwar kasuwar Suƙ Waƙif ko za ta sake, muka tarar ’yan kallon ƙwallo sun cika shi maƙil, da ganguna da tutoci da fuskoki fente kamar tashe. Ta yi kallo, ta sha shayi, ta tsaya a wajen masu sayar da shaho ta ce tsuntsayen sun ba ta tausayi da aka rufe musu ido. A hanyar dawowa ta juyo ta ce, “Wai ina dajin nan naka?”

Na je aron mota wajen Injiniya. Ya miƙo makulli yana kallona sama da ƙasa.

“Kai da kanka za ka tuƙa? To bismillah, Allah ya tsare. Amma don Allah ka ɗan wuce gudun jaki, kada a ce motata ce ta tare wa ’yan ƙwallo hanya.”

Ina jin ban taɓa shirya wa wata jarrabawa yadda na shirya wa fitar nan ba. Na duba hasashen yanayi har wayata ta gaji, duk suka ce babu hadari ko na rantsuwa, amma na ɗauki lema. Na ɗauki maganin ciwon kai, da na ciwon ciki, da bandeji, da man kashe ƙwayoyin cuta, da ragowar takunkuman da na kasa zubarwa. Na tambayi mutane ko akwai macizai. Na ji an ce ba a son hura wuta a ƙasa kuma ba a taɓa reshen bishiya, don haka na ari murhun ƙarfe mai ƙafafu, na tsaya a wani shago na sayi ɗaurin itace, a yanke tsaf a cikin raga.

Ta leƙa bayan mota ta gan shi.

“Malam, mene ne wannan?”

“Itace.”

“Ina za mu?”

“Daji.”

“Za mu daji, ka sayi itace a kanti za ka kai masa. Tsaraba ce?” Ta kama ƙofar mota tana dariya har da hawaye. Tun zuwanta ban ji irin wannan dariyar ba. “Kada ka bari Babanmu ya ji. Wallahi sai ya ce a dawo masa da ’yarsa.”

Ita abin da ta ɗauka bai wuce dankalin Hausa a leda ba, da ƙullin yajin ƙuli, da ashana.

Da hantsi muka kama titin arewa. Motoci suna ta wuce mu, tutoci na kaɗawa ta tagogi, duk sun nufi wani filin wasan ƙwallo da aka gina kamar tanti a can arewa. Da gangan na zaɓi ranar wasa, don na yi lissafin duniya za ta taru a can ta bar mana dajin. A wannan kam lissafina ya fita. Na ajiye mota can nesa a kan tudu mai tsakuwa, don tsoron kada tayar mutane ta kafe, muka sauko da kaya.

Ta sa hannu ta kare rana, ta dubi gabas, ta dubi yamma.

“Ina dajin?”

“Ga shi nan.”

“Bayan waɗannan sabarar?”

“A'a. To, su ne dai.”

Ta sauke hannunta. Bishiyoyin suka tsaya suna kallonmu, mafi tsayinsu da ƙyar ya ɗara ni in na ɗaga hannu.

“A garinmu,” ta ce a hankali, “akuya ba ta ɓata lokacin miƙewa tsaye saboda irin wannan.”

“Ai na gaya miki ba dogaye ba ne.”

“Ka gaya mini. Ni ce na yi ƙari. Ashe ranar gaskiyar ka faɗa tsurarta.”

Wannan ne abu ɗaya tak da nake da shi na nunawa a duk faɗin ƙasar, ga shi ya sha kaye a hannun akuya. Na ce ko mu koma. Ta ce an riga an kawo wa daji itace, ai sai a miƙa masa.

Tsakaninmu da bishiyoyin akwai fili na taɓo mai laushi, irin na fadama bayan ruwa ya ɗauke. Muka cire takalma muka ajiye a gindin wata bishiya, muka shiga da ƙafa. Saiwoyi ne ko'ina sun tsiro sama tsaye kamar an shuka fensirori, sai ka zaɓi inda za ka taka. Ƙananan ƙaguwoyi suna ganinmu suna faɗawa rami. Ta tsinkayi wani farin abu a jikin ganye, kafin in ce uffan ta lasa.

“Amarya! Ba a san ko guba ba ne!”

“Gishiri ne. Lasa ka ji.”

“Na yarda da ke.”

“Bishiya mai gumin gishiri. To wannan kam babu ita a garinmu.”

Na riƙe wannan maganar kamar maki ɗaya da aka ba ni.

A tsakiyar bishiyoyin muka sami wani ɗan tudun yashi busasshe, faɗinsa bai fi falonmu ba. Muka shimfiɗa tabarma. Na fara karanta bayanin da ke jikin kwalin murhu, ta karɓe shi daga hannuna ta kafa, ta jera itace, ashana ɗaya ta kama. Iska mai sanyi tana busowa, irin wadda ke sa ka nemi rana da kanka. Tana jiran itacen ya zama garwashi take ba ni labarin kaka a gonar Babansu, yadda suke tarewa a bukka har a gama girbi, yadda ake binne dankali a toka da sassafe hannuwa na karkarwa, kowa ya yi wa nasa alama da tsinke amma duk da haka sai an yi faɗa. Shekarun nan duka a waya ba ta taɓa ba ni wannan labarin ba. Ta tona tokar, ta cusa dankali, ta rufe.

Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Sai na ji ta ce, “Malam, ka zubar da ruwan gora ne?”

Wani siririn ruwa ne ke bin tsakanin saiwoyi, ba ƙara, ba kumfa, kamar mai satar shiga. Na dubi gora, tana cike. Na dubi sama, wasai, ko gajimare babu.

“An yi ruwa a wani wuri ke nan,” in ji ta. “Rafi ne ya kawo.”

“Ba na jin akwai rafi a ƙasar nan. Sai dai ko bututu ne ya fashe.”

“Ko an buɗe dam.”

Muka tsaya, mu biyu masu digiri, muna jero duk hanyoyin da muka san ruwa na zuwa wa mutum. Kafin mu gama, filin da muka ratso ya zama tafki. Na ciro waya na bincika, sai ga shi a rubuce ɓaro-ɓaro: teku na cika ya janye kullum, wata ne ke jan sa, kuma waɗannan bishiyoyi da ma a cikin hanyarsa suke zama. Na karanta mata.

“Laa! Mun yi shi a aji,” ta ce. “Har na zana wata da kibiya.”

“Ni ma. Ina jin na ci makin ma.”

Mun ci makin, mun bar shi a takarda. A duk rayuwarmu ruwa daga sama yake zuwa, ya yi sallama da hadari da tsawa. Wanda zai taso daga ƙasa rana tsaka ba mu taɓa gaisawa da shi ba. Zuwana na farko da Injiniya ashe a janye muka same shi, na ga taɓo na ɗauka damshi ne kawai.

Wayar ta ce zai ci gaba da hawa na ɗan lokaci, sannan ya fara sauka wajen la'asar. Na dubi layin busasshen ciyayin teku da ya zagaye tudunmu, na ƙiyasta a nan yake tsayawa, wataƙila. Na ce ko mu kira ’yan agaji.

“Ka ce musu me? Muna kan tabarma muna gasa dankali, a kawo jirgi?”

Muna cikin haka wani abu baƙi ya taso daga gindin bishiya yana lilo a kan ruwa, ya bi ta gabanmu a natse. Takalmina ne na ƙafar dama.

“Allah ya kiyaye hanya,” ta ce masa. “In ka isa Legas ka gaishe su.”

Azahar ta yi. Na fara tunanin ko ruwan gishiri ya halatta a yi alwala da shi, ta ce ya halatta, tun a islamiyya aka wuce wurin, ni dai in daina neman abin damuwa ga wanda Allah ya kawo har gaban tabarma. Muka yi alwala a bakin tudu, sanyinsa har cikin haƙori, na ja mu salla, ruwa ta ko'ina, hayaƙin murhu na bin mu.

Da muka sallame muka zauna, sai na ga wurin ya canza. Taɓon nan duk ya ɓace. Bishiyoyin sun tsaya cikin ruwa har ƙugu, ruwan garau, ƙananan kifaye na ratsa rassa kamar tsuntsaye. Balbelu sun sauka a kansu fari fat, can nesa kuma wasu dogayen tsuntsaye masu ruwan hoda suna tafiya kamar matan da ba sa son zanensu ya jiƙe. Kuma daga zaune, bishiyoyin sun fi mu tsayi, sun rufe mana titi da mota da komai.

“In aka zauna, daji ne,” in ji ta.

Wasu Turawa biyu suka ɓullo a ƙaramin kwale-kwalen roba, sanye da rigunan ƙwallo. Suka gan mu da tabarma da wuta da buta a tsakiyar ruwa, suka ɗaga mana babban yatsa, da alama sun ɗauka tsara abin muka yi. Na buɗe baki zan yi musu bayanin kuskuren, ta taka mini ƙafa. Ta tono dankali ɗaya, ta ɓare, ta barbaɗa yaji, ta miƙa musu a kan murfin kwano. Suka ci, suka yi tari, suka yi godiya, suka tuƙa suka tafi suna hura baki.

Muka ci namu. Bayansa ya ƙone, cikinsa ya yi laushi kamar zuma. Ta lashe yatsa ta dube ni.

“To Malam Wataƙila, yau ba ɗakin karatu da za ka gudu, ba mota. Ina son ka faɗa mini magana ɗaya wadda babu wataƙila a cikinta, babu ina jin, babu duk yadda kika gani.”

“A kan me?”

“Ka sani.”

Na sani. Na ce mata ina ganin ba adalci ba ne in ce ta bar ajinta da ɗalibanta da garin da ake ganin bishiya ta taga, ta zo ta zauna tana kallon bango, alhali ban san ranar gamawata ba, ban san ko za ta samu aiki a nan ba, kuma ana iya cewa son kai ne.

“Ka ga, ka fara. Ni ban tambaye ka adalci ba. Tun da na zo kake ce mini duk yadda kika ga ya fi. In ka ce ‘ba laifi’, na san yadda zan ƙara masa ya zama yabo. Wannan kuwa na ƙara, na ƙara, bai zama komai ba.”

Na dubi ruwa, na dubi inda takalmina ya bi. Na ji maganar ta taho da ’yan rakiyarta kamar kullum, na tsaya na sallame su ɗaya bayan ɗaya.

“Ina so ki dawo,” na ce. “Ba na son ki bar ni.”

Ta jira, ko wani abu zai biyo baya. Na danne bakina da dankali.

“Ikon Allah,” ta ce. “Sai da teku ya taso.”

Ta ɗauki tsinke tana tona toka, wai akwai sauran ɗaya da ta yi wa alama.

Bayan la'asar ruwan ya sauka zuwa ƙwauri. Muka kashe wuta, na kwashe tokar a gwangwani don kada a ce mun bar datti, muka ɗora kaya a ka muka ratso, ina gaba ina laluben saiwoyi da ƙafa, tana baya tana riƙe da rigata. Nata takalman suna nan, saiwa ta riƙe su. Nawa na hagu ma yana nan shi kaɗai. Da shi na tuƙa mu gida, a hankali ƙwarai, ’yan ƙwallo na dawowa suna danna mana oda, ban sani ba ko ta murna ce ko ta in ba su hanya.

Washegari da na dawo daga makaranta, tun daga matakala na ji warin daddawa ya cika benen. Na tarar da akwatin a buɗe a tsakar falo, kuka da kuɓewa an juye su a gwangwanaye, ita kuma tana gaban tukunya ta kama muciya da hannu biyu tana tuƙi.

“Sannu da aiki,” na ce.

“Kada ka tsaya sannu. Duba mini wayar nan taka, Juma'ar farko bayan na dawo daga biki, yaushe ruwan zai yi?”

“Yaushe zai janye? Bari in duba, don mu shiga mu fito kafin ya…”

“Wa ya ce maka janyewa? Yaushe zai cika nake tambaya. Kuma ka sayi itace ɗauri biyu.”

Na duba. Na sake dubawa a wani shafin don in tabbatar. Sannan na fita neman takalmi, irin na roba mai maɗauri a dunduniya.